Darasin Wannan Wata: Sharar Gidajenmu da Amanar Ƙasa

Gabatarwa

Darasinmu na wannan wata ya shafi abin da kowane gida yake fitarwa kullum safiya, wato shara. Dukanmu mun san abin da yakan faru idan ruwan farko na damina ya sauka a garuruwanmu. Lambatu yakan toshe da leda da gorunan roba, ruwa ya rasa hanya, ya juya ya shiga gidajen mutane, katangu su faɗi, daga baya kuma sauro da amai da gudawa su biyo. Ledar da ta toshe lambatun nan daga hannunmu ta fito. Saboda haka muka ga ya dace mu zauna mu yi nazari a kan abu uku: yadda ƙasashen duniya suka bambanta wajen yawan sharar da suke yi, yadda kowace take bi da tata, da kuma abin da ya rataya a wuyanmu a cikin gidajenmu. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi da katekistoci su karanta darasin tare da jama'a, su kuma tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

1. Mene ne zaman da zai ɗore?

A shekarar 1987 wani kwamiti na Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙarƙashin shugabancin Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Norwe, ya fito da rahoto a kan muhalli da ci gaba. Tun daga lokacin maganar ci gaba mai ɗorewa ta bazu, har aka yi babban taron duniya a kanta a birnin Riyo na ƙasar Birazil a 1992. Ma'anar a taƙaice ita ce mutanen yau su biya bukatunsu ba tare da sun cinye rabon waɗanda za su zo bayansu ba. Manomi ya san wannan tun kafin a rubuta shi. Komai tsananin yunwa, ba ya taɓa irin shuka, gama ya san wanda ya cinye iri da rani zai tsaya kallon gonar maƙwabci da damina.

Shara tana cikin wannan lissafi ta fuska biyu. Duk abin da muka yar, daga ƙasa aka samo shi: leda da roba daga man fetur, gwangwani daga ma'adinai, takarda daga itace, abinci daga gona da ruwa da gumin manomi. Sa'an nan bayan mun yar da shi, dole ya sami wurin sauka, ko gona, ko kogi, ko cikin dabba, ko kuwa iskar da muke shaƙa idan an ƙone shi.

2. Bambancin ƙasashe wajen yawan shara

A 2018 Bankin Duniya ya fitar da wani babban rahoto a kan shara. Rahoton ya nuna cewa a 2016 garuruwa da gidajen duniya sun fitar da shara wajen tan biliyan 2, kuma in aka ci gaba a haka za ta kai tan biliyan 3.4 a shekarar 2050. In an raba wa kowa daidai, mutum ɗaya yana fitar da giram 740 a rana. Amma rabon ba daidai yake ba. Mutumin Arewacin Amurka yana fitar da fiye da kilo 2 a rana, na Afirka kudu da Sahara kuwa giram 460. Ƙasashe masu arziki, waɗanda mutanensu ba su wuce kashi 16 cikin 100 na jama'ar duniya ba, su ne suke fitar da kashi 34 cikin 100 na dukan sharar.

Akwai kuma masanan da suke auna yawan abin da kowace ƙasa take ci daga albarkatun duniya, su gwada shi da abin da duniyar take iya mayarwa a shekara. A lissafinsu, 'yan Adam gaba ɗaya suna ci kamar suna da duniya ɗaya da fiye da rabin wata. Da kowa zai yi irin zaman mutumin Amurka, da sai an nemo duniya wajen biyar.

Kada wannan ya sa mu yi murna da wuri. Rahoton Bankin Duniya ya nuna kuma cewa a Afirka kudu da Sahara ƙasa da rabin sharar ake kwashewa, kuma a ƙasashe matalauta fiye da kashi 90 cikin 100 na sharar a fili ake jibge ta, ko a cinna mata wuta. Ya ce sharar yankinmu za ta ninka wajen sau uku kafin 2050, saboda yawan jama'a da girman birane. Ashe kowane ɓangare da irin tasa cutar. Mai arziki yana yin shara mai yawa, yana da motar kwashe ta daga idonsa. Talaka yana yin kaɗan, amma a ƙofar gidansa take kwana.

Wannan kwana a ƙofa yana cin rai. A watan Maris na 2017 tsaunin shara na Koshe a Addis Ababa, babban birnin Habasha, ya zaftare a kan gidajen da ke gindinsa, mutum fiye da 100 suka mutu. A watan Agusta na 2024 irin haka ta faru a jujin Kiteezi da ke Kampala a Yuganda, mutum fiye da 30 suka rasu. Duka biyun, talakawan da ba su da wani wurin zama ne suka biya bashin sharar gari.

3. Yadda wasu ƙasashe suka yi da tasu

Jamus ta kafa doka a 1991 wadda ta ɗora wa masu masana'antu nauyin karɓar kwalaye da gwangwanaye da robobin da suke zuba kayansu a ciki. Da kamfani ya ga shi zai biya kuɗin kwashewa, sai ya fara rage yawan naɗin da yake yi wa kaya. A 2003 aka ƙara da dokar ajiyar kuɗi: wanda ya sayi abin sha a gorar roba ko gwangwani yakan biya ƙarin santi 25, in ya mayar da gorar a ba shi kuɗinsa. Fiye da gora 90 cikin 100 suna komawa. Manya a cikinmu za su tuna cewa haka muke yi da kwalbar lemo a dā, ba a ba ka sabuwa sai ka kawo tsohuwa. A gidajen Jamus akwai mazubi dabam na takarda, na roba da gwangwani, na ragowar abinci, da na sauran tarkace, ana kuma sake sarrafa wajen kashi biyu cikin uku na sharar gari.

Koriya ta Kudu ta bi ta aljihu. Daga 1995 kowane gida sai ya sayi jakar shara ta hukuma, saboda haka mai yawan shara shi ne mai yawan biya, kayan da aka ware don sake sarrafawa kuwa kyauta ake kwashe su. A 2005 aka hana binne ragowar abinci a juji, daga 2013 kuma aka wajabta ware shi da biyan kuɗi gwargwadon yawansa. Ta haka ƙasar ta kai ga mayar da fiye da kashi 90 cikin 100 na ragowar abincinta taki, ko abincin dabbobi, ko iskar gas.

A Japan akwai wani ƙaramin gari cikin duwatsu mai suna Kamikatsu, wanda mutanensa ba su kai 2,000 ba. A 2003 suka ƙudura cewa za su daina ƙona shara da binne ta. Babu motar shara a garin. Kowa yakan wanke kayansa, ya kai su wuri guda, ya rarraba su kashi-kashi masu yawa, ragowar abinci kuma ya mai da shi taki a gida. Sun kai ga ceto wajen kashi 80 cikin 100 na shararsu.

Suwidin ba ta binne ko kashi 1 cikin 100 na sharar gidajenta, amma wajen rabi ƙonewa ake yi a manyan tanderu domin samun wutar lantarki da ɗumama gidaje, har tana karɓo shara daga wasu ƙasashe. Tanderun nan suna da na'urorin tace hayaƙi masu tsadar gaske, kuma abin da aka ƙone ya tafi ke nan. Don haka bai kamata wani ya kafa hujja da Suwidin ya cinna wa leda wuta a bayan gida ba.

Kada kuma mu ɗauka sai mai kuɗi ne yake iya gyara. Bangaladash ce ta fara hana siririyar leda a 2002, bayan an gano yadda ta toshe magudanan ruwa lokacin ambaliya. Ruwanda ta hana ta a 2008, har a filin jirgin sama akan karɓe ta daga hannun baƙi, kuma Asabar ɗin ƙarshen kowane wata jama'a sukan fito aikin gayya da suke kira Umuganda. Kenya ta biyo a 2017 da hukunci mai tsanani, tara mai yawa ko ɗauri har shekara huɗu. Maƙwabtanmu Nijar da Kamaru ma suna da dokar hana leda tun 2014, amma duk wanda ya shiga kasuwanninsu zai ga ledar tana nan. A nan Nijeriya mun saba da tsaftar ƙarshen wata tun tsakiyar shekarun 1980, Jihar Legas kuma ta hana mazubin abinci na soso a 2024. Abin da muka koya shi ne, doka takan yi aiki inda hukuma ta tsaya a kanta, aka samar wa mutane abin da zai maye gurbi, jama'a kuma suka yarda cewa don amfaninsu ne.

4. Sharar da take ƙetare teku

Wani ɓangare na tsaftar manyan ƙasashe a bayan gidan wasu ake biyansa. A 1988 aka gano dubban gangunan guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yake cikin Jihar Delta a yau, a filin wani mutum da aka ba ɗan kuɗin haya ba tare da ya san abin da ke ciki ba. Gwamnatin Nijeriya ta matsa har aka kwashe su, a shekarar kuma ta kafa dokar hana shigo da shara mai guba da hukumar kare muhalli ta tarayya. Irin wannan ta'asa ce ta kai ga yarjejeniyar Basel a 1989, da ta Bamako a 1991, inda ƙasashen Afirka suka amince su hana shigo da irin wannan shara nahiyar.

Duk da haka hanyar ba ta rufe ba. Shekaru da yawa ƙasar Sin ce take sayen yawancin tsohuwar robar Turai da Amurka, da ta rufe ƙofa a 2018 sai kayan suka karkata zuwa wasu ƙasashe masu raunin doka. Matattun kwamfutoci da talabijin suna shigowa tashoshin Afirka ta Yamma da sunan kayan hannu. A unguwar Agbogbloshie ta birnin Akara, kafin a rushe wurin a 2021, samari da yawa daga arewacin Gana sun yi shekaru suna ƙona wayoyi domin ciro jan ƙarfe, suna shaƙar hayaƙin. Dilolin gwanjo ma, tare da amfanin da suke yi mana, sukan zo da tsummokaran da ba mai saye, su ƙare a juji. A duniya duka, robar da ake sake sarrafawa ba ta wuce kashi 9 cikin 100 ba. Wannan ya nuna mana cewa rage shara tun daga tushe ya fi sake sarrafa ta, gama rigakafi ya fi magani.

5. Abin da muka gada, da waɗanda muke renawa

Iyayenmu ba su san kalmar sake sarrafawa ba, amma aikin suke yi. Tuwon da ya kwana yakan zama ɗumame. Dusa da ƙaiƙayi na dabbobi ne, toka ta gona ce ko ta wanke tukunya. Ƙwarya in ta fashe akwai gyartai, riga in ta yage akwai faci, in ta mutu ta zama tsumma. Gwangwanin madara yakan zama fitilar aci-balbal, tsohuwar taya ta zama takalmi, tsohon tif ya zama guga. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna shiga birni da jakuna su kwaso shara da kashin dabbobi su kai gona, abin da ya taimaka wa gonakin nan suka yi ta ba da amfani shekara da shekaru ba hutu. Yau irin wannan taki yakan zo cike da leda da fasassun kwalabe da batura.

Har yanzu akwai masu riƙe da wannan aiki. 'Yan jari-bola suna tsince ƙarfe da gorar roba da gwangwani, maƙeran kasuwar Panteka a Kaduna suna mai da tarkace murhu da akwati da tukunya. Narka tsohon gwangwanin alminiyo yana cin wajen kashi 5 cikin 100 kawai na wutar da ake bukata a yi sabo daga ma'adini. A birnin Alƙahira akwai jama'ar da ake kira Zabbalin, yawancinsu Kiristoci Kibɗawa, waɗanda suke bi gida gida suna kwasar shara, suna ceto har wajen kashi 80 cikin 100 na abin da suka kwasa, abin da biranen Turai da yawa ba su kai ba. A cikinsu ne Sista Emmanuelle ta zauna daga 1971 zuwa 1993, tana taimakon kafa makarantu da asibitoci. Ya kamata mu tambayi kanmu irin kallon da muke yi wa yaron da yake tonon bolarmu da hannu ba safa.

6. Abin da bangaskiyarmu take koya mana

Littafin Farawa, sura 2, ya nuna an sa mutum a gona domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. A Bisharar Yahaya, sura 6, bayan taro ya ci ya ƙoshi, Ubangiji ya sa almajirai su tattara ragowar, har ta cika kwando 12. A saƙonsa na Ranar Salama ta 1 ga Janairu 1990, Fafaroma Yahaya Bulus na Biyu ya bayyana lalacewar muhalli a matsayin matsalar halin kirki. A 2015 marigayi Fafaroma Francis ya rubuta wasiƙar Laudato Si', inda ya yi faɗa a kan al'adar amfani da abu sau ɗaya a yar, ya kuma nuna cewa ƙasashe masu arziki suna da bashin muhalli a kansu ga matalauta. Shi ne kuma ya keɓe ranar 1 ga Satumba domin addu'a saboda kiyaye halitta.

7. Abin da kowane gida zai iya farawa

Na fari, mu rage. Mu tafi kasuwa da kwando ko jakar buhu, mu tafi sayen koko da ƙosai da kwanonmu. Gidan da yake karɓar leda biyar a rana, a shekara ya tara 1,825. Inda akwai tsabtataccen ruwa, mu ɗura a gora maimakon sayen na leda. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an zubar da abinci fiye da tan biliyan 1, kashi 60 cikin 100 daga gidaje, har da gidajen ƙasashe matalauta. Mu auna abin da za mu dafa, musamman a biki da suna da bukin Kirsimati, ragowar kuma a kai wa mabukata tun bai lalace ba.

Na biyu, mu ware. Buhu uku sun isa: na abin da yake ruɓewa, na abin da ake saye kamar ƙarfe da gorar roba da kwalba da kwali, da na sauran. Fiye da rabin shararmu mai ruɓewa ce, in an ware ta, nauyin ya ragu da rabi, wari da ƙuda ma sun ragu.

Na uku, mu yi taki. A haƙa rami mai zurfin kamar kamu biyu a inuwa. A shimfiɗa kara da busasshen ganye a ƙasa, a zuba ɓawon kayan miya da ragowar abinci, a bi da kashin dabbobi da ɗan toka, a rufe da ƙasa kaɗan, a riƙa maimaitawa. A yayyafa ruwa ya yi danshi, kada ya jiƙe sharkaf, a juya shi bayan kowane mako biyu ko uku domin iska ta shiga. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasa. Da tsadar takin zamani a yau, wannan kuɗi ne muke zubarwa.

Na huɗu, mu kiyayi abubuwa masu haɗari. Hayaƙin leda da roba da taya yana ɗauke da guba mai cutar da huhu, musamman na yara da mata masu ciki, don haka kada a hura murhu da leda. Tsohon batirin mota ko na sola yana da dalma, kada a fasa shi a gida. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka mutu ta dalilin sarrafa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Kada a zuba mai ko ruwan sha a galan ɗin maganin feshi, komai wankin da aka yi masa. A kife gwangwanaye da tayoyin da suke tara ruwa saboda sauro. A tsince leda daga inda dabbobi suke kiwo, gama mahauta sun sha ciro dunƙulen leda daga tumbin akuya da saniya da suka rame ba a san dalili ba.

Na biyar, mu haɗa kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa za su iya ajiye buhunan tara gorunan roba a harabar coci, a sayar, kuɗin ya shiga asusun marasa lafiya. Kafin damina mu fito tare da maƙwabtanmu Musulmi mu yashe lambatun unguwa, gama ruwa ba ya tambayar addinin mai gida kafin ya shiga. Mu kuma je wurin kansila da shugaban ƙaramar hukuma cikin ladabi mu nemi wurin zuba shara da ranar kwashewa, domin wannan hakkinmu ne.

Tambayoyi don tattaunawa

1. A cikin ƙasashen da muka ambata, dabarar wace ce za ta fi dacewa da garinmu, kuma me ya sa?
2. Waɗanne abubuwa ne iyayenmu suke gyarawa, mu kuwa muke yarwa?
3. Ina sharar gidanmu take zuwa bayan ta bar ƙofa, kuma su wa suke zaune kusa da wurin?
4. Bayan bukin girbi ko wani taro na ikilisiyarmu, yaya harabar coci takan kasance, kuma wa yake share ta?

Aikin mako

Kowane gida ya tara ledar da ta shigo masa daga wannan Lahadi zuwa ta gaba, a ƙirga, a kawo adadin wurin taron ƙungiya. Daga nan kowace ƙungiya ta zaɓi abu ɗaya daga sashe na 7 da za ta fara kafin ƙarshen wata, ta sanar da Fada ko katekist. Allah ya ba mu hikimar riƙon amanar da ya danƙa mana. Amin.